Na bar tuwo da shinkafa, amma sikeli ya ƙi motsi

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni matar aure ce a Funtuwa, shekaruna 38, 'ya'yana huɗu, autan ya shekara uku. Tsawona santimita 160, nauyina kuwa sai da ya kai kilo 92. Shekara biyu ke nan ina shan maganin hawan jini, mahaifiyata kuma tana da ciwon sukari, shi ya sa hankalina ya tashi. Wata ƙawata ta koya mini tsarin da suke kira keto: ba tuwo, ba shinkafa, ba biredi, ba wake, ba 'ya'yan itace, sai nama da ƙwai da mai da ganye. A kwana goman farko na sauke kilo 4, murna kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha. To yau sati uku ke nan sikeli ya tsaya a 88, ko motsi. Ga ciwon kai, ga jiri idan na miƙe, ga bushewar ciki, maigida har ya yi mini maganar warin baki. Ƙawar tawa ta ce in riƙa shan ruwan magi da gishiri, in ƙara man shanu, in kuma sayi wani shayin rage ƙiba. Cefane ya fara yi mana nauyi saboda tukunya biyu nake ɗorawa, Hajiyar maigidana kuma ta kira shi tana tambaya ko hana ni abinci yake yi. Anti, me ya tsayar da ni? Zan iya cin tuwon alkama ko acha? Wake fa, da fura? Zan iya haɗawa da azumin Litinin da Alhamis? Ko dai in haƙura?

Wata ƙanwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba Mama sauƙi. Ba za ki haƙura ba, sai dai za mu sake hanya.

Zan fara da jirin nan, domin shi ya fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarki. Ruwa ba ya tsami banza. Idan mutum ya yanke sitaci kwatsam, sinadarin insulin yakan ragu a jikinsa, ƙoda kuma ta shiga fitar da gishiri da ruwa fiye da yadda ta saba, jini ya sauka. Ke kuwa kina nan kina shan magani a kan adadin da aka yanka miki lokacin da kike cin tuwonki. Mai yiwuwa ne ƙwarai jininki yana faɗuwa ƙasa da kima idan kin miƙe tsaye, balle in maganin naki irin mai sa yawan fitsari ne. Ki koma wurin likitan da ya ɗora ki a kai cikin satin nan, ki gaya masa dalla-dalla abin da kike ci, a auna ki kina zaune, a sake aunawa kina tsaye. Kada ki daina maganin da kanki, kada ki rage, shi zai duba ya ga abin da ya dace. Shawarar ruwan magi da gishiri kuwa ki ajiye ta gefe, ba irinki ake ba ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai gram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma miyarmu da dunƙulenta da gishirinta sau da yawa takan wuce nan tun kafin a ƙara komai.

Tun da za ki je, ki roƙi a auna miki sukari da safe kafin ki karya, a duba ƙoda da kolestarol, wato maiƙon da ke cikin jini. Idan awon sukarin ya faɗo tsakanin 100 da 125 a ma'aunin mg/dL, kina bakin ƙofa ke nan. Idan ya kai 126 ko ya wuce, aka maimaita aka sake samun haka, ciwon ya shigo. Kuma don Allah kada Mama ta gan ki ta ce za ta kwaikwaya. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, idan ya yanke tuwo ba tare da an gyara masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Masu shan maganin sukari irin dapagliflozin ko empagliflozin kuma keto na iya jefa su cikin wani hali mai hatsari da jini ke yin tsami. Haka mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, duk ba nasu ba ne.

Yanzu sai sikeli. Kilo huɗun da kika sauke a kwana goma, mafi yawansa ruwa ne, kuma ga dalili. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kowane gram ɗaya na wannan ajiya kuma yana riƙe da kimanin gram 3 na ruwa. Da kin daina cin tuwo, jiki ya cinye ajiyarsa, ruwan ya bi fitsari. Kilo biyu ke nan wajen, ga kuma wanda ƙoda ta fitar tare da gishiri. Kitse ba ya narkewa da wannan saurin. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Da kilo huɗun nan duk kitse ne, da sai a ce kullum kina ƙona kalori 3,000 fiye da abin da kika ci, abin da ko ba ki sa komai a baki ba da wuya ya yiwu. Saboda haka ba ki gaza ba. Ruwan da zai fita ya gama fita, yanzu ne aikin kitse ya fara, shi kuma tafiyarsa rabin kilo ce zuwa kilo ɗaya a sati idan komai ya daidaita. Ki sani kuma mace takan riƙe ruwa gab da al'ada, har ya rufe ɗan abin da ta rage, ta hau sikeli ta ga kamar ba ta yi komai ba.

Amma sati uku ba motsi, ina zargin mai. Gram ɗaya na sitaci kalori 4 ne, na furotin 4, na mai kuwa 9. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne wajen, mu kuma da ludayi muke zubawa. Gyaɗa gram 100, kusan cikin gwangwanin madara, ta haura kalori 550, alhali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa bai wuce 200 da 'yan kai ba. Wato wadda ta ƙi shinkafa ta zauna tana ɓarar gyaɗa tana kallo, ta ci abin da ya kusa kofi uku na shinkafar da ta guje wa. Haka awara idan ta sha mai a kasko, haka ƙuli-ƙuli, haka fatar kaza da kitsen balangu. Rage sitaci yana taimakawa ne saboda yana kashe yunwa, mutum ya ci ƙasa da yadda ya saba ba tare da wahala ba. Idan aka cike gurbin da mai, lissafin ya koma inda yake. Ƙarin man shanun da aka ce ki yi ba zai narkar miki da komai ba, kuma yakan ɗaga mugun kolestarol ga mutane da yawa, abin da mai hawan jini ba ta buƙata.

Ciwon kai da kasala da warin baki sanannun abubuwa ne a keto. Warin yana fitowa ne daga wani sinadari da jiki ke fitarwa ta numfashi idan ya koma ƙona kitse zalla, shi ya sa asuwaki ba ya kawar da shi gaba ɗaya. Bushewar cikin kuma saboda kin bar wake da hatsi da 'ya'yan itace ne, waɗanda dusarsu ke tura bahaya.

Ra'ayina, ki bar keto. Rage sitaci hawa-hawa ne. Keto shi ne can ƙarshe, gram 20 zuwa 50 a yini, kuma asalinsa magani ne: likitoci a Amurka suka fara amfani da shi wajen 1921 don yara masu farfaɗiya, a ƙarƙashin kulawar asibiti. Akwai matsakaici, inda mutum zai tsaya ƙasa da gram 130 a yini, kuma nan nake so ki zauna. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Christopher Gardner, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 609 tsawon shekara guda. Rabi sun rage sitaci, rabi sun rage mai, dukansu an ce su ci ganye da yawa, su guji sukari da fulawa. Masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage mai kilo 5 da ɗan ɗori, bambancin da bai taka kara ya karya ba. A kowane ɓangare kuma an samu wanda ya sauke da yawa da wanda ya ƙara nauyi. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, tsarin da za ki iya riƙewa shekara da shekaru shi zai yi miki aiki. Tsarin da ya sa ki ɗora tukunya biyu, ya cinye kuɗin cefane, ya sa surukarki kiran waya, ba zai kai babbar sallah ba.

Tukunya ɗaya ta ishe ki. Abin da za ki juya shi ne matsayin tuwo da miya. Mun saba tuwo ne abinci, miya mahaɗi. A kwanonki miya za ta zama abincin, tuwo ya zama mahaɗi. Ki sami malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, ki cika kwano da miya, ki sha ta da cokali. Allah ya yi mana arzikin miyar da kusan babu sitaci a cikinta: kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, lalo, yakuwa, alayyafo, zogale. Mutanen da ke sayen garin kwakwa da tsada don su tuƙa tuwon da ba tuwo ba, da sun san darajar miyar kuɓewa da busasshen kifi da sun huta. Ki rage man da kike zubawa a tukunyar zuwa abin da za ki iya aunawa da cokali, duk gidan zai amfana. Ranar shinkafa, ki raba farantinki: rabi kabeji da latas da kokwamba ko dafaffen ganye, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwatan da ya rage shinkafa. Ki fara cin ganyen da naman, shinkafar ta zo daga baya. Ranar dambu, ki yawaita zogale har ya rinjayi tsakin.

Da safe ne aka fi yi mana illa: shayi mai sukari cokali uku, biredi rabin sanda, ko koko kofi babba da aka zaƙaƙa. Ki mayar da shi dafaffen ƙwai biyu ko alala, da shayi marar sukari. In koko ranki ke so, ludayi biyu ba sukari da ƙosai uku ko huɗu. Da rana, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli kaɗan yana riƙe ciki har la'asar, kuma kuɗinsa bai kai na kaza ba. Tuwon dare ki ci shi bayan magariba, kada ki bari sai za ki kwanta.

Tambayarki ta alkama da acha tana zuwa mini sau da yawa, domin an daɗe ana gaya wa masu ciwon sukari su koma tuwon alkama su ci iya cinsu. Alkama, acha, gero, dawa, masara, shinkafa, duk hatsi ne, kuma a kowane gram 100 nasu busasshe akwai sitaci tsakanin gram 70 da 80. Malmala uku na alkama malmala uku ne. Inda fifiko yake shi ne hatsin da ba a surfe shi ba, wanda aka niƙa da dusarsa, saboda ya fi daɗewa a ciki kuma ya fi taimakon hanji. Dawa ko geron da kike da shi a buhu, in kin bar masa dusarsa, ya wadatar. Girman malmalar ne abin lura.

Wake ki dawo da shi yau ɗin nan. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da sitaci kusan gram 35, amma wajen gram 11 daga ciki dusa ce da ba ta zama sukari, ga furotin kusan gram 13. Zai warware miki bushewar ciki, zai sauƙaƙa cefane. Faten wake da alayyafo, alala, ko garau-garau da wake ya fi shinkafa yawa, duk sun yi. Ɗanwake dai ki tuna ana haɗa shi da garin rogo ko fulawa, ki ci kaɗan ki yawaita kabeji da ƙwai. Fura kuma, kindirmon shi ne abokinki. Ki cika kofi da shi, ki dama ɗan gutsuren fura, ba sukari, ki ɗauke ta a matsayin abincin rana sukutum, kada ta zama abin kora tuwo. 'Ya'yan itace ki ci su da tsokarsu: gwaiba, gwanda, yankan kankana, lemo guda. Mangwaro ɗaya ya isa a lokacinsa. Rake da matsattsen ruwan 'ya'yan itace ki bar su.

Inda ba na sassauci shi ne abin sha. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi takwas zuwa tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a tsaya wajen cokali shida, gram 25, a yini guda. Lemon malt da ake kai wa maras lafiya da sunan ƙarin jini shi ma sukari ne. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa haka suke. Zuma kuma, duk da albarkarta, cokalin cin abinci ɗaya nata sukari ne gram 17, ba a mayar da ita madadin sukari a sha ba lissafi. Ki dafa zoɓonki a gida da citta da kanumfari, ki sha da tsaminsa. Sati biyu harshe ke yi ya saba.

Shayin rage ƙiba kada ki saya. Da yawansu ganyen wanke ciki ne, dangin filasko, su sa ki zawo, ruwan jikinki ya ƙare, sikeli ya yi ƙasa kwana biyu, kitse yana nan. Wanda ya fi wannan muni, an sha kama irin waɗannan kayan da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Yana kuma ɗaga jini. Ki dubi kanki a wannan lissafin.

Azumin Litinin da Alhamis sunna ce, ki yi shi don Allah, lafiyar da ta biyo baya ƙari ce. Sai dai ki dakata har jirin nan ya wuce, likita kuma ya tsara miki lokacin shan magani. Idan kin fara, ki yi sahur da abin da ke riƙe ciki, ƙwai ko wake ko kindirmo, ki sha ruwa sosai. Ki buɗe baki da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, ki yi salla, sannan ki ci abincinki yadda na kwatanta. Inda azumi ke ƙara wa mutane ƙiba shi ne tiren buɗa-baki: kunu, soyayyar doya, dankali, fanke, lemo, duk a zama ɗaya. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ba mu ma'auni, sulusin ciki na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi.

Kada ki sa wa ranki komawa jikin 'yan matanci. Abin da za ki fara nema shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, wato daga 92 ki sauka tsakanin 87 da 83, ki kuma zauna a nan. Wannan kaɗai yakan sauke jini, ya sauƙaƙa wa gwiwa. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a sati, hatsarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga 'yar mai ciwon sukari irinki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Minti 150 kuwa minti 30 ne sau biyar a sati. Tafiya da sauri bayan asuba, ko zagayen tsakar gida in fita ba ta samu ba, ko raka yara Islamiyya da ƙafa. Ki kuma kula da barci, domin mai kwana a kan waya takan tashi da kwaɗayin zaƙi.

Kwana biyun farko da kika dawo da wake da ɗan tuwo, sikeli zai iya hawa kilo ɗaya ko fiye. Kada gabanki ya faɗi, ruwan nan ne ya koma mazauninsa. Ki riƙa hawa sau ɗaya a sati, rana ɗaya, da safe kafin ki karya. Ki ari tef ɗin tela ki auna cikinki daidai cibiya sau biyu a wata. Abin da ake so a ƙarshe shi ne awon ya gaza rabin tsawon mutum, ke ke nan ƙasa da santimita 80, amma kowane santimita da ya ragu riba ce, kuma sau da yawa zane kan fara sako-sako kafin sikeli ya nuna.

Saura Hajiya. Kada ki ga laifinta. A wurin iyayenmu ƙibar mace shaida ce ta cewa ana riƙe ta da kyau, ramarta kuma abin tambaya ne a kan ɗansu. Ki je da kanki ki gaishe ta, kada ki bar maigida da bayani. Kada ki ce mata kina rage ƙiba. Ki ce mata hawan jini gare ki, ciwon sukari yana gidanku, kina kiyaye abinci ne don kada ya same ki, ki roƙe ta addu'a. In ta kawo tuwo, ki sa hannu ki ci daidai malmalarki, ki nemi ƙarin miya. Maigida kuma ki gaya masa an koma tukunya ɗaya, kuɗin kaza da man shanu ya koma kifi da wake da ganye, ki ce ya raka ki asibiti ranar awon, a auna nasa jinin shi ma.

Bayan sati shida ki sake rubuto mini da awon cikinki, da abin da likita ya ce game da maganin, da sakamakon sukarin. Ki gaida Mama da jiki.